Yadda Ake Sayen Abincin Jariri a Kai Shi Gida Lafiya

A yawancin gidajenmu cefane aikin maigida ne. Don haka ranar da ma'aikaciyar asibiti ta ce wa maiɗakinka yaro ya isa a fara ba shi abinci, kai za a miƙa wa sautun, kai da jiya-jiya ake ce maka angon ƙarni. Ɗan'uwa, na daɗe ina wannan cefane, daga ɗan fari har auta, kuma abin da na gani shi ne abincin yaro ya fi lalacewa tsakanin kanti da ƙofar gida: a kan kantar da rana ke duka, a but ɗin mota, a ledar da aka cusa shi tare da omo da ɗanyen nama.

Cikin jariri ba irin naka ba ne. Abin da za ka ci ka ji ɗan murɗawa ta wuce, shi amai da gudawa zai sa shi, kuma gudawar kwana ɗaya ko biyu ta isa ta tsotse ɗan wata bakwai har a kai ga ƙarin ruwa. Sau da yawa sai gida ya ɗauka da "haƙori ne", ba mai waiwayar gwangwanin da aka sayo shekaranjiya.

A wata 6 na farko nonon uwa ne zalla, ko ruwa ba a haɗawa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ke nan, kuma ana ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye, wanda ya zo daidai da shekara biyu cikakku da aya ta 233 cikin Suratul Baƙara ta ambata. Abin da zan yi bayani ƙari ne a kan nono daga wata 6, sai madarar gwangwani ga yaron da lalura ta raba shi da nono, kamar maraya ko wanda likita ya ce a ba shi.

Kayan da za ka tanada

- Jaka mai tsabta, ta yadi ko bakko, wadda ta kayan yaro ce kaɗai. Kada ta zama wadda ake sayo gawayi ko kalanzir da ita.
- 'Yar kula mai murfi da ƙanƙara. In babu ƙanƙara, a daskarar da ruwan leda uku ko huɗu tun dare. In babu kular ma, bokiti mai murfi da aka naɗe da tawul zai ɗan riƙe sanyi.
- Ledoji masu kauri, don nama da kifi.
- Takardar sautu, da hoton gwangwanin da yaro ke sha a wayarka.
- Biro mai kauri da salatif, don rubuta ranar buɗewa.
- Fitilar waya, saboda kwanan watan da ke gindin gwangwani ƙanana ne, wasu shagunan kuma da duhu.

1. Ku rubuta sautun tun a gida

Ka zauna da uwar yaro ta faɗa maka wata nawa yake, me yake karɓa, me ya rage a gida. Ita ta san wanda yake tofarwa. Ka sayi abin da zai ƙare cikin sati biyu zuwa wata ɗaya. Sarin katan guda yana da sauƙin kuɗi, amma yaro girma yake yi, kafin a kai rabi ya wuce matakin, ko zafi ya taɓa sauran a ɗaki.

In madara ce, ka kula da lambar matakin da ke jikin gwangwanin. Yawanci lamba 1 daga haihuwa ce zuwa wata 6, lamba 2 daga wata 6 zuwa 12, lamba 3 daga shekara 1. Kamfanoni suna ɗan bambanta, saboda haka watannin da aka rubuta a jiki su za ka bi. Kada ka bar mai kanti ya canza maka da "ai duk ɗaya ne". Ana iya ci gaba da ba ɗan wata takwas lamba 1, amma ba a ba ɗan wata biyu lamba 2 ko 3.

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro shi ne a ba jinjiri madarar shayi, ta sacet ko ta awo ko ta ruwa, saboda ta jarirai ta yi tsada. Ba a yi ta don cikin jinjiri ba. Ta yi wa ƙodarsa nauyi, ba ta da isasshen sinadarin ƙara jini, kuma da yawa daga masu arahar an cire man madarar an sa man tsirrai. In kuɗi ya gaza, ku je asibiti ku faɗi gaskiya a nuna muku mafita daidai da watannin yaron. Haka kuma jar ledar nan mai gyaɗa da ake ba yara masu tamowa: magani ce da ake bayarwa kyauta bayan an auna yaro. In ka gan ta a kasuwa kada ka saya, rabon wani yaro ne mara lafiya aka karkatar.

2. Zaɓi wuri da lokaci

Madara da garin jarirai irin su Cerelac da Nutrend, ka saye su a babban kemis ko kanti mai yawan ciniki, inda kaya ba sa kwana da yawa, kuma ake ba da rasit. Ka kalli inda aka jera su. Gwangwanin da ke bakin taga ko a tebur a waje yana shan rana tun safe, ka wuce shi ko da an sauke maka farashi. Wanda ake turawa a baro da na tasha da wanda ake tallarsa a go-sulo, ban yarda da su ba sam. In ka ga farashi ya yi ƙasa ƙwarai da na ko'ina, ka tuna araha ba ta ado.

Ka fita da safe kafin rana ta ɗaga, ko bayan la'asar sakaliya. In kana da wasu hidimomi, banki ko gaida mara lafiya ko ɗaurin aure, ka gama da su tukuna. Cefanen yaro shi ne na ƙarshe, daga shi sai gida.

3. Duba gwangwani da kwali

A nan za ka ɗauki lokaci, kuma kada ka ji kunyar mai kanti. Ka ɗauki gwangwanin da hannunka ka juya shi.

Fara da gindi. Za ka ga MFD ko MFG, wato ranar da aka yi shi, sai EXP ko BB, ranar da wa'adinsa ke ƙarewa, sai lambar rukunin da aka yi shi a ciki. Wanda saura kwana kaɗan ya ƙare, bar shi. Ka shafa wurin da yatsa. In an kankare, ko an manna wata takarda a kai, ko tawadar tana gogewa, ko lambobin sun hau juna, ajiye. A nan muna fara rubuta rana sannan wata, amma kayan Amurka wata suke farawa da shi, don haka 03/08 na iya zama 3 ga Agusta, yana iya zama 8 ga Maris. In ba ka gane ba, ka ɗauki mafi kusa a matsayin gaskiya.

Sai lambar rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Duk abincin gwangwani da ake sayarwa a Najeriya ya kamata ya kasance da ita. Amma masu jabu ma suna buga lamba, don haka ganinta kaɗai bai isa ba. Ka kwatanta da hoton da ke wayarka: launin, tsabtar rubutun, adireshin kamfani. Wanda bayaninsa ke cikin yaren da ba mai iya karantawa a gidanku, kada ka saya, domin ba za ku san awon haɗi ba.

Sannan jikin gwangwanin. Wanda ya lotsa, musamman a baki ko a kan ɗinki, yana iya samun 'yar kafar da ido ba ya gani, iska da danshi su shiga. Mai tsatsa da wanda ya kumbura duk haka. Ɗaga murfin roba ka ga takardar azurfar da ke ƙasa a liƙe take ko'ina. Ka girgiza shi kusa da kunne: gari mai kyau yana zuba sumul, wanda ya sha danshi kuwa za ka ji dunƙule yana bugun gefe. In kwali ne, ka duba alamar jiƙewa, da hujin ɓera ko ƙwaro, da bakin da aka sake mannewa.

Ka karanta jerin abubuwan da ke ciki. Ana jera su daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, saboda haka in sukari ya fito a farko-farko, nemi wani. In akwai zuma kuma yaro bai cika shekara ba, bar shi. Na san matsayin zuma a wurinmu, ni ma ba na rabuwa da ita, amma tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri har numfashi ya gagare shi, kuma dafawa irin ta gida ba ta kashe ta. Bayan shekara ɗaya sai a ba shi. Garin karin kumallo na manya, ko da yaro yana so, ba abincin jariri ba ne.

4. Kwalba da 'yar jakar tsotso

Manyan kantuna suna sayar da markaɗaɗɗen 'ya'yan itace a ƙananan kwalabe. Tsakiyar murfin a lotse yake zama. Danna da yatsa: in ya motsa yana ƙas-ƙas, iska ta shiga, kada ka ɗauka. A gida ma in an buɗe ba a ji ƙarar "fau" ba, a zubar. 'Yar jakar tsotso kuwa, wadda ta kumbura ko take danƙo a baki ta lalace. Ra'ayina, ayaba ɗaya ko yankin gwanda da aka murƙushe da cokali a gida ya fi waɗannan sauƙi da aminci, sai dai in tafiya ta kama.

5. Hatsi, waken suya da gyaɗa

Mafi yawan yaranmu da kunu suke tashi, kuma kunun da aka haɗa da kyau ba ya jin kunyar na gwangwani. A gidana awo shida na gero ko dawa ko masara ake sawa, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa, irin haɗin da ake kira Tom Brown. Ko a Dawanau ka saya ko a 'yar kasuwar unguwa, dubawar ɗaya ce.

Sayi tsaba, kada ka sayi niƙaƙƙe. Gari da markaɗaɗɗiyar gyaɗa suna ɓoye aibi, tsaba kuwa kana ganinta. Ɗebo daga cikin buhu, ba daga saman da aka gyara don ido ba. Gyaɗar da ta yamushe, ko ta yi baƙi-baƙi ko kore-kore, ko ka tauna ka ji ɗaci, fumfuna ta kama ta. Wannan fumfunar, wadda ke kama masara ma, tana fitar da gubar da ake kira aflatoksin. Tana cin hanta, ana kuma danganta ta da tsumburewar yara, sannan suya da tafasa ba sa kawar da ita. Maganinta tsinta: a baza a faifai a fitar da duk wadda ba ta yi ba, a zubar, kada a ce a yi ƙuli da ita.

Ka kuma sansana. Wasu suna zuba maganin ƙwari irin su fiya-fiya a wake da hatsi da busasshen kifi don kada ƙwaro ya ci, abin da NAFDAC ta sha gargaɗi a kai. In ka ji wari mai hawa kai, ko ƙura-ƙurar da ba ta hatsi ba ce a tafin hannunka, matsa gaba. Busasshen kifin da ko ƙuda ba ya kusanta a tsakiyar kasuwa abin tuhuma ne.

Gasarar da ake sayarwa a ƙulle, ba ka san ruwan da aka tace ta da shi ba. In dole ce, ka saya wurin wadda kuka san tsabtarta, kuma a dafa kunun ya tafasa sosai, ba a tsaya ga sheƙa ruwan zafi kawai ba.

6. Ɗanyen kaya da masu sanyi, su ne ƙarshe

Kabewa, karas, dankalin Hausa mai jan ciki, alayyahu da zogale, ka zaɓi waɗanda ba su da rauni ko ruɓa. Gwanda da kankana, sayi guda sukutum. Yankakkiyar da ke kan tire ta sha ƙuda da ƙura, ba ka kuma san wuƙar ba. Ayaba da mangwaro ana nunar da wasu da sinadarin kabayid na masu walda. Bawo zai yi rawaya tas, ciki kuwa da tauri babu zaƙi. Gara ka sayi wadda ta ƙosa ba ta gama nuna ba, ta ƙarasa a gida.

Ƙwai, ka ɗaga ɗaya-ɗaya ka bar fasasshe. Maganar cewa ƙwai yana sa yaro sata ba ta da tushe, daga wata 6 ana ba shi, a dai dafa shi ya yi tauri. Nama da hanta, je wurin mahauci da safe, yankan ranar, a sa a leda biyu a ƙulle. Kifin ƙanƙara ya zama da tauri kamar itace. In ya yi laushi, ko akwai daskararren ruwan jini a gindin katan, ya narke an sake daskarar da shi.

Yogot ya zama marar sukari, kuma ka taɓa ka ji sanyinsa, don wasu shagunan suna kashe firij da dare. Robar da ta kumbura ta lalace. Nonon talla ba na jariri ba ne, ba ka san ko an tafasa madarar ba, ba ka san ruwan sirkin ba.

7. Shirya kayan kafin ka bar wurin

Kashi uku za ka yi. Gwangwani da kwali da hatsi a jakar yaro. Yogot da nama da kifi a kula, naman a can ƙasa cikin ledarsa, ƙanƙara a gefe da sama, yogot inda ruwan nama ba zai taɓa shi ba. Omo, sabulu, turare, maganin sauro, kalanzir, jakarsu daban, a ɗaya hannun. Gari yana ɗaukar wari ko ta cikin kwali. Yaran kanti sukan tattara komai a leda ɗaya don sauri, sai ka tsaya a kansu. Karɓi rasit ka adana.

8. A hanya

Abin da ke buƙatar sanyi kada ya wuce awa 2 a waje. In zafi ya haura digiri 32, awa 1 ce kawai. A Kano da Sakkwato da Maiduguri, daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce 40, don haka a bazara awa ɗaya za ka riƙe, tun daga lokacin da aka ciro kayan daga firij, ba daga lokacin da ka hau mota ba. Kula mai ƙanƙara tana ƙara maka lokaci muddin ƙanƙarar ba ta narke ba.

A mota, sa kayan a ƙasan kujera inda inuwa take, ba a but ba, ba kuma a gaban gilashi ba. A Adaidaita Sahu inji yana ƙarƙashin wurin ajiye kaya na baya, don haka riƙe jakar a cinyarka. A babur kada ta yi lilo kusa da salansa, kwalabe kuma a naɗe su da tsumma. Da damina ka ƙara leda a kan kwalaye.

Kada ka tsaya majalisa. In sallah ta riske ka, sauko da kayan ka ajiye a inuwa kusa da kai, kada ka kulle su a mota, domin cikin motar da aka rufe a rana yana ɗaukar zafi fiye da waje nesa ba kusa ba cikin 'yan mintuna. In aike za ka yi, ba ɗan aiken jakar da kular, tura masa hoton, ka ce daga kanti sai gida. In ya kawo, a yi duk dubawar mataki na 3 kafin a buɗe.

9. Da isowa gida

A wanke hannu da sabulu, a fara da kayan kula. Nama a ƙasan firij, yogot a sama. In an ɗauke wuta, firij yana riƙe sanyi kamar awa 4 matuƙar ba a buɗe shi ba, bayan haka kada a ba yaro abin da ke ciki. Gidan da babu firij, a sayi naman yini ɗaya a dafa nan take. Tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da Mohammed Bah Abba ya yaɗa daga Jigawa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000, tana tsawaita kwanan karas da ganye, amma sanyinta bai isa nama ko madara ba.

A goge saman gwangwani kafin a buɗe. A ajiye shi a sama, nesa da murhu da taga, ba a firij ba, don danshi yana dunƙule garin. Tsoho a gaba, sabo a baya. Ranar da aka buɗe, rubuta ta a murfi. Yawancin madarar jarirai sati 3 zuwa 4 take yi bayan buɗewa, ku bi abin da aka rubuta a jiki. Kwalbar da aka buɗe, a ɗiba a kofi a ba yaro, ragowar ta shiga firij ta ƙare cikin kwana ɗaya ko biyu. Babu firij, a zubar da ragowa.

Garin madara ko sabo ne yana iya ɗauke da ƙwayar cuta, shi ya sa ake haɗa shi da ruwan da aka tafasa aka bari bai wuce minti 30 ba, yana kan digiri 70 ko fiye, sannan a huce kafin a ba yaro. A yi awo da cokalin da ya zo cikin gwangwanin, kada a ƙara ruwa don ta yi auki. Wadda aka haɗa ba a shanye ba cikin awa 2, a zubar. Kofi ya fi fida sauƙin wankewa.

Hatsi kuma a tsince, a wanke, a shanya ya bushe ƙayau, a soya waken suya da gyaɗa sama-sama, sannan a kai inji da sassafe kafin a niƙa barkono da kayan yaji. A roƙi mai inji ya goge, a fara zuba ɗan kaɗan a ware shi gefe. Garin ya huce kafin a rufe shi a roba mai murfi, kuma a niƙa na sati biyu zuwa uku kawai.

10. In an buɗe an ga matsala

Warin ɗoyi, canjin launi, dunƙule ko ƙwaro a ciki, kada a ce a gwada a gani. Mayar da shi kantin tare da rasit. In kana zargin jabu ne, ɗauki hoton gindin gwangwanin da lambar rukuninsa ka kai ofishin NAFDAC na jiharku, don sauran katan ɗin yana nan ana sayar wa wasu iyayen.

In kuwa yaro ya riga ya sha ya fara gudawa ko amai, a dakatar da abincin, a ci gaba da ba shi nono, a fara ba shi ruwan ORS, wato haɗin gishiri da sukari da ke mayar da ruwan jiki. Idan idanunsa sun faɗa, maɗigarsa ta lotsa, fitsari ya ɗauke, ya kasa tsotso, ko an ga jini a kashinsa, a tafi asibiti a lokacin ko da tsakar dare ne, kuma a tafi da gwangwanin likita ya gani.